Shekarar da Takwara Ta Gaida Rijiya da Italiyanci

Akwai maganar da ake yi a kaina a dangin nan, kuma na san ana yin ta, don kunnena bai mutu ba. Ana cewa shekarar da Yaya Abu ta kwanta ciwon ajali ina can Riyad ina shan sanyin inji da cin kaza, aka aiko mini na ƙi tahowa. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Ni ba mace ce mai bin gida-gida tana wanke kanta ba. Amma tunda yau na zauna ina ba da labarin rayuwata ana rubutawa saboda ku 'ya'yana da jikokina, ba zan tsallake wannan shekarar ba. Wadda ke riƙe da alƙalamin, jikata Hauwa'u, mai sunana, wadda nake kira Takwara, a gabanta aka yi komai. Na kuma gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Bayan rasuwar maigidana Malam sai yanar ido ta rufe mini gani, har ba na bambance tsakuwa da shinkafa a faranti. Autana Bashir yana Riyad tun yana saurayi. Ya fara da tuƙi a wani kamfanin yankan dutsen marmara a Birnin Masana'antu na Biyu, har ya zama shi ke kula da sito. A can ya ajiye matarsa Rabi, a can aka haifi Takwara. Shi ya nema mini bizar ziyara, irin wadda ake sabuntawa, aka ɗora ni a jirgi ina laluben kujera. Aka yi aikin ido, Allah ya ba da sa'a. Ranar da aka cire audugar na ga fuskar ɗana sarai, har da furfurar da ban san ya yi ba. Wannan alheri ne da ba zan gama gode masa ba.

To, ido ya buɗe, sai baki ya rufe. Ku da kuka san ni a ƙauyenmu na ƙasar Kazaure kun san ko wace ce ni. Ban shiga aji ba, allo ma iyakata abin da zan yi sallah, amma in na shimfiɗa tabarma bayan isha'i yaran unguwa uku ne suke cika tsakar gidana, har uwayensu su laɓe a bayan zana suna yi kamar sun zo kiran 'ya'yansu. Ni da Yaya Abu muke yi. A wurinta na koya tun tana goyona. Ni ke jan labari, in an zo wurin waƙa ita ke ɗauka, don Allah ya ba ta murya, ni kuwa ya ba ni baki. Sai ga ni a wani gidan sama, taga a rufe, ƙofa a rufe, maƙwabcin da kuke haɗa bango ba ka san ko ya kwana lafiya ba. Auta ya fita tun asuba, ya dawo a gajiye. Rabi mutuniyar kirki ce, amma ba ta da yawan magana. Ranar Juma'a kaɗai nake numfashi, in Auta ya kai ni kasuwar Batha sayen kuka da daddawa, in tsaya a bakin shagon wani Bakano in yi ta ciniki ba don ina son ragi ba, sai don in ji Hausa tana fita daga bakina.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa Takwara ce. Doguwa, mai kunya, ta zama budurwa. A gida Ummi suke ce mata, don ubanta ba zai iya kiran sunana ba. Larabci a bakinta kamar ruwa, Turanci haka, Hausa kuwa tana ji amma ba ta mayarwa. In na yi mata magana sai ta amsa da Larabci, ta dubi uwarta ta fassara. Gaisuwarta da safe a tsaye take yi, jaka a kafaɗa, ta sumbaci goshina ta kira ni kaka da Larabci, ta ce "Salam, Jadda," kafin in buɗe baki in tambaye ta kwanan gajiya ta kai ƙofa. Na san ba raini ba ne, haka ta ga ana yi. Amma ku duba min: yarinya tana ɗauke da sunana, muna kwana ɗaki ɗaya, kuma zan bar ƙasar ba mu taɓa yin hira ba. Da lokacin sabunta bizata ya matso sai na kira Auta na ce kada ya wahalar da kansa.

"Inna, wani abu aka yi miki?"

"Ba a yi mini komai ba. Shi ne ma abin. Ka mai da ni inda in na yi magana za a amsa."

Ya roƙe ni in bari a ƙara sau ɗaya, ido ya gama warkewa. Na yarda, a kan cewa daga wannan babu ƙari.

A shekarar ne Takwara ta shiga babbar sakandare, a wata makarantar 'ya'yan baƙi. A can dole kowace yarinya ta ɗauki wani yare bayan Larabci da Turanci. Ubanta ya zaɓa mata Italiyanci, don injinan kamfaninsu daga Italiya ake kawo su, yana kuma ganin yadda ake rasa mai yi wa masu gyaran tafinta. Daga tushe ta fara, ba ta san ko kalma ɗaya ba. In ta dawo sai ta shiga ɗaki ta sa abu a kunne, in ji tana maimaitawa kamar yaron da ke koyon magana: bonjorno, bonasera, bonjorno, bonasera. Na tambayi Rabi me take cewa, ta ce gaisuwa ce, ta safe da ta yamma. Na ce ikon Allah, yarinyar da ba ta tsayawa ta gaida kakarta, ga ta tana gaida bango safe da yamma. Rabi ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ranar ce na fara jin dariyarta.

Yaren bai zo mata da sauƙi ba. A takarda, in ji uwarta, ba ta da laifi, amma in malama ta ce ta tashi ta yi magana sai murya ta maƙale. Malamar wata dattijuwa ce 'yar Iritiriya, baƙa kamar mu, ta ce jarrabawar ƙarshen zango ta baki ce: kowace yarinya za ta tsaya a gaban aji ta ba da labari irin wanda kakanni ke ba yara a ƙasarsu, kuma da kalmomin da aka koya musu kaɗai, don sauran su gane. Takwara ta tambayi uwarta, uwarta ta ce ita duk ta manta, ta nuna mata ƙofar ɗakinmu da baki.

Bayan la'asar ne. Ina zaune ina jan carbi sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Ta daɗe a tsaye tana murza gefen mayafi, sannan ta haɗo kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

"Jadda, ina so tatsuniya. Don Allah."

Na yi murna, amma ban nuna ba. Na dubi taga na ga rana tana nan. Ni kuwa tunda nake ban taɓa yin tatsuniya da rana ba. A garinmu an ce wanda ya yi zai ɓata a hanya, sai fa in ya zaro tsinken ciyawa daga jinka ya ƙulle shi tukuna. Na ce ta bari sai dare. Rabi ta ce da dare tana da sauran darussa, kuma da wuri take kwanciya saboda motar makaranta, wannan ne kaɗai lokacinta. To ina zan ga jinka a Riyad? Sai na tuna tsintsiyar laushin da na taho da ita a ƙasan akwati, wadda Auta ya yi ta yi mini tsiya a kanta a filin jirgi. Na zaro tsinke ɗaya na ƙulle, na ajiye a tsakaninmu. Da Auta ya ji labari ya ce, Inna, wannan ai camfi ne. Na ce na sani, Allah ne mai ɓatarwa, shi ne mai shiryarwa, amma hannuna ya saba, kuma tsinken bai ci masa komai ba.

Na ba ta tatsuniyar yarinyar da ta je ɗiban ruwa ta jefa guga ba ta gaida rijiya ba, rijiya ta ji haushi ta janye ruwanta. Yarinyar ta je wurin gafiya neman shawara, gafiya ta ce ni ma ai ba ki gaishe ni ba. Ta je wurin jimina, haka. Ta je wurin raƙumi, haka. Sai da ta durƙusa wa wata tsohuwa, sannan aka koya mata waƙar gaida rijiya. Ba zan ɓoye muku ba, da gangan na zaɓe ta. Da na kai ƙarshe Takwara ta ɗago kai.

"Jadda, ni ce yarinyar?"

"Ni na ambaci sunan wani?"

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Daga nan aiki ya fara, kullum bayan la'asar, kullum da sabon tsinke. Sai muka tarar ba a koya musu sunan gafiya ba, balle jimina. Na ce ta lissafo mini dabbobin da take da su. Kyanwa, kaza, doki, kare. Na ce to da abin da ke cikin tukunya ake miya, gafiya ta koma kyanwa, jimina ta koma kaza, raƙumi ya sauka doki ya hau. Duk inda ba ta da kalma sai mu zaga ta wata hanya, in faɗa da Hausa mai sauƙi, ta juya, in ta kasa in sake sauƙaƙawa. Don ta gaya mini abin da take da shi da abin da ba ta da shi kuwa dole ta yi mini Hausa, tana yi tana tuntuɓe, ina yi mata dariya tana ramawa in na gwada nasu. Kalma ɗaya ta zauna mini har yau, akwa, wato ruwa. Masu cewa na koyi Italiyanci a Saudiyya, to ga iyakar abin da na koya.

Ban san ma'anar abin da take faɗa ba, amma na san murya in ta mutu. Sai in tsayar da ita in ce, rijiyar nan ba ta ji haushi ba, sake. In ce kada ta kalli ƙasa, ta nemi wadda ta fi kowa alamar gyangyaɗi a ajin ta zuba mata ido. In ce kafin rijiya ta yi magana ta yi shiru har sai ta ji sun matsu. Wata safiya ina kan sallaya sai na ji an durƙusa a gefena, jaka a ƙasa, an ce ina kwana, an tashi lafiya, ya ƙarfin jiki. Na amsa mata dalla-dalla, na tambaye ta har kwanan takalminta, har direban motar ya gaji da oda a waje.

Ana cikin haka Lami, 'yar Yaya Abu, ta bugo waya ta ce jikin tsohuwa ya yi tsanani, ƙafafu sun kumbura, ba ta tashi. Auta ya ce in na ce a tafi, a satin nan zai sa ni a jirgi. Amma irin bizata in ka fita ta ƙare, kuma jarrabawar Takwara da sauran makonni. Na haɗa kayana. Takwara ta ga akwatin, ta ɗauko tsintsiyar ta sa mini a ciki da hannunta. Na sa Rabi ta kira Lami a kara wa Yaya wayar in gaya mata ina tafe. Muryarta ta yi ƙasa, amma bakin yana nan. Ta tambayi wace ce take jin motsinta kusa da ni, na ce Takwara ce, na ba ta labarin abin da muke yi. Ta ce a ba ta ita. Ta sa yarinyar nan ta yi mata tatsuniyar da Hausa daga farko. Da aka zo wurin dabbobi sai na ji ta yi tari ta ce:

"Kulu, wa ya sa kyanwa a tatsuniyata?"

Na ce yaren ne ba shi da gafiya tukuna. Ta ce Allah ya kyauta wa mutanen da ba su da gafiya. Sannan ta tambayi waƙar. Takwara ta karanto ta kamar mai karanta sunayen kayan miya, don haka na ba ta, ni ba mai waƙa ba ce. Yaya ta yi tsaki mai tsawo. Ta ce waƙar ba za a juya ta zuwa wani yare ba, da Hausa za a yi ta, kuma ita za ta koyar da kanta. Na ce Yaya, ai ina tafe, na ma ɗaure kaya.

"Ki taho ki yi mini me? Fuskarki na gan ta tun kina cikin tsumma, na ƙoshi. In kin taho wa zai tsaya a kan yarinyar nan? Kwance kayanki. Sai ta sauke sannan ki zo."

Yaya ce ta goye ni, ban taɓa tsallake maganarta ba, kuma ba a kan gadon ciwonta zan fara ba. Na kwance kaya. Amma kada ku ce ita kaɗai ta yanke, ni ma zuciyata ta so zaman, kuma na san abin da nake sayarwa. Daga ranar kullum bayan la'asar ɗinmu, lokacin su can azahar ce, sai a kira. Lami ta jingina mata wayar a matashi ta koma aikinta. Yaya ta rera layi, Takwara ta maimaita, ni ina tsakiya ina fassara faɗan. Ga waƙar: rijiya ina kwana, rijiya ina gajiya, ban zo da guga ba sai da na zo da baki. Wata rana numfashin bai kai ta ƙarshen layi ba, sai Takwara ta ƙarasa mata. Yaya ta ce, to, yanzu kam akwai mai yi.

A satin jarrabawar ne Yaya ta cika, da hantsi. Kafin waya ta same mu har an kai ta. Ban ga gawarta ba, ban zuba mata ruwa ba, ban zauna a tabarmar gaisuwa ba sai daga baya. Wannan shi ne abin da na biya, kuma har gobe in na tuna sai na ji shi a ƙirji. Takwara ta yi kuka ta ce ba za ta iya waƙar ba, za ta roƙi malama ta ba da wani labari. Na ce mata matar nan da sauran numfashinta ta koya miki, ba kya da ikon ajiye shi.

Malamar ta aiko cewa in ina so in zo. Ranar ce na fara taka aji a rayuwata, da furfurata. Ta tare ni a ƙofa ta riƙe hannuna da hannu biyu ta rusuna, ta zaunar da ni a baya. 'Yan mata ne cike, na Sudan, na Masar, na Pakistan, da waɗanda ban san ƙasarsu ba. Da aka kira Takwara ta fita gaban aji. Ta zaro tsinke daga aljihu, ta ɗaga, ta yi musu bayani da yaren, ta ƙulle shi a gabansu ta ajiye a teburin malama. Sannan ta dube ni ta ce, ga ta nan, ga ta nanku. Ni kaɗai daga baya na ce ta zo mu ji ta. Malama ta tambayi abin da na ce, ta sa duk ajin suka maimaita, kowa da irin karkacewar bakinsa. Sai Takwara ta shiga Italiyanci. Ina bin ta ba da kalma ba, da murya. Na ji lokacin da guga ya faɗa, na ji shirun da ta yi kafin rijiya ta yi magana, har wata mai gyangyaɗi a gefe ta gyara zama. Da kaza ta ce ni ma ai ba ki gaishe ni ba, sai ajin ya fashe da dariya, a daidai inda yaran ƙauyenmu suke dariya. Da ta zo waƙar kuwa na sunkuyar da kai, don muryar da ta fito ba ta Takwara kaɗai ba ce. Malama ta ce ta ci, ta kuma roƙi a bar mata tsinken.

Bayan haka na taho gida. Na shiga ɗakin Yaya na zauna a bakin gadonta. Lami ta jawo wani ɗan kwano daga ƙarƙashi ta miƙo mini. Tsinkayen ciyawa ne a ciki, kowanne da ƙullinsa. Ta ce duk ranar da za mu kira sai tsohuwa ta ce a zaro mata ɗaya daga jinkar rumbu, wai rana ce, kada yarinyar mutane ta ɓata a ƙasar da ba tata ba. Na ƙarshen ƙullinsu ya yi sako-sako, hannun ya riga ya gaji. Lami ta sha faɗa wa mutane wannan, amma Lami ba mai ɗaga murya ba ce.

Kwanon yana cikin akwatina, duk mai so ya zo ya gani. Na gode wa Allah da ya buɗe mini ido, na gode wa Auta da ya zaɓi yaren da ban san da shi a duniya ba, na gode wa malamar nan da ta aika yara wurin kakanninsu. Takwara ba ta ɓata ba. Ga ta nan zaune a gabana ta zo hutu, tana yi mini gardama da Hausa a kan yadda ake rubuta sunan Yaya. Wannan da na ba ku kuwa ba tatsuniya ba ce, shi ya sa na faɗe ta da rana tsaka ban ƙulla komai ba.